Sanin Salsala Don Zumunci Da Haƙƙi: Inda Mutanen Birnin Kudu Da Gwaram Za Su Nemi Tarihin Gidajensu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A yawancin gidajenmu na Birnin Kudu da Gwaram, idan aka tambayi saurayi sunan mahaifinsa da na kakansa zai faɗa ba gargada. Idan aka ce ya ƙara na uku sai ya tsaya tunani, na huɗu kuwa sai an aika an tambayo gwaggo. Ta wajen uwa abin ya fi haka rauni, domin kunya da alkunya sun sa ba a kama sunayen manya, sai laƙabi, har laƙabin ya binne sunan yanka.

Wannan giɓi ba ya damun kowa sai ranar da aka zo raba gonar da aka bari shekara hamsin ba a raba ba, magada na farko sun rasu, na biyu ma wasunsu sun bi su. Ko kuwa ranar da aka sa bikin ɗan wa da 'yar ƙane, sannan wata tsohuwa ta tuna cewa kakarsu ta shayar da angon yana jariri. Idan haka ta tabbata, ya zama ɗan'uwan baffansa na nono, yarinyar kuma ta haramta gare shi har abada. A irin waɗannan ranaku ne ake gane cewa sanin salsala yana cikin abubuwan da halal da haram suka rataya a kansu.

Matsayin wannan ilimi a shari'a

Aya ta 13 cikin Suratul Hujurati ta bayyana cewa hikimar kasa mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ita ce su san juna, ta kuma ɗora fifiko a kan taƙawa kaɗai. Aya ta 5 cikin Suratul Ahzabi ta yi umarni a riƙa jingina kowa ga ubansa na haƙiƙa. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Malamin Andalus, Ibnu Hazmi, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya bayyana a gabatarwar littafinsa na nasabar Larabawa cewa akwai ɓangaren wannan ilimi da yake wajibi a kan kowa: mutum ya san waɗanda aure ya haramta tsakaninsa da su, da waɗanda zai gada ko su gaje shi, da waɗanda ciyarwarsu ko sada su ta hau kansa.

Magabata sun ɗauki al'amarin da muhimmanci. An san Sayyidina Abubakar (RA) da cewa ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa. Da Sayyidina Umar (RA) ya kafa diwani, wato rijistar mayaƙa da masu karɓar rabo daga baitulmali, sai ya kira masana nasaba uku, Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da Makhramatu ɗan Naufal da Jubairu ɗan Muɗ'im, suka jera mutane gida-gida, aka fara da Banu Hashim. Ashe tun farkon Musulunci rijistar mayaƙa da sanin salsala tare suka taso.

Sai dai shari'ar da ta kwaɗaitar ita ce kuma ta gindaya iyaka. Muslim ya ruwaito cewa alfahari da asali da sukar nasabar wasu suna cikin ɗabi'un Jahiliyya da za su wanzu a cikin al'umma, ya kuma ruwaito cewa nasaba ba ta gaggauta da wanda aikinsa ya jinkirta shi. Da wannan ma'auni za mu shiga binciken.

Abin da maƙabarta za ta iya faɗa mana

A Turai da Amurka mai neman tarihin gidansu yakan fara da maƙabarta, saboda yawancin kaburbura suna ɗauke da suna da shekarar haihuwa da ta mutuwa. Namu tsofaffin maƙabartun ba haka suke ba. Tudun ƙasa ne, da guntun dutse ko itace ko fasasshiyar tukunya, bayan damina kaɗan kuma sai ya baje. Wannan yana da tushe: hadisin Jabir (RA) a cikin Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa, riwayar Tirmizi da Nasa'i kuma ta ƙara da hana rubutu. Malaman Malikiyya sun karhanta rubutun, wasu malamai kuma sun sauƙaƙa a kan suna kaɗai idan buƙata ta kama. Sanya alama dai ya tabbata, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ɗora dutse a kan kabarin Usmanu ɗan Maz'un a Baƙi'a don ya riƙa gane shi, ya kuma binne waɗanda suka rasu daga iyalinsa kusa da shi.

Saboda haka ilimin maƙabartarmu yana ƙirjin mutane: masu haƙa kabari, da limamin unguwa, da dattawan da ba sa rasa jana'iza. Su ne za su nuna maka cewa wannan kusurwa ta gidan wane ce, waccan kuma ta mutanen da suka taso daga wani ƙauye. Inda aka binne mutum yakan nuna unguwar da ya zauna da zuriyar da ta ɗauke shi nata. Tsohuwar maƙabarta a gefen kufai kuwa shaida ce cewa gari ya taɓa zama a nan kafin ya tashi. Wanda ya je ziyara, wadda sunna ce mai tunatar da Lahira, ya tafi da dattijo, ya yi wa mamata sallama da addu'a, ya rubuta abin da aka gaya masa bayan ya fito, ba tare da taka kabari ko zama a kansa ba.

Akwai gyaran da ba ya karo da kowace fatawa: kwamitin kowace maƙabarta ya ajiye littafi, a rubuta sunan mamaci da na mahaifinsa, da unguwarsa, da ranar rasuwa ta Hijira da ta Miladiyya, da sashen da aka sa shi. Kabari ya zauna a kan sunna, suna kuma ya zauna a takarda. Dokar ƙasa ta 1992 ma ta wajabta rijistar haihuwa da mutuwa a wurin Hukumar Ƙidaya, amma ta mutuwa kaɗan ne cikinmu ke kula da ita.

Takardun gida da na En'e

Kafin a yi nisa, a fara da adakar gida. Malamanmu na zaure sun saba rubuta haihuwa da rasuwa a gefen kundi ko a bangon Alƙur'ani rubutun hannu, da Larabci ko da ajami. A nemi tsofaffin rasiɗan haraji da jangali, da takardun cinikin gona, da fasfon aikin hajji, da takardar shaidar gama elementare. Haraji da jangali sun tsaya a tsohuwar Jihar Kano a 1979, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, rasiɗin kuma yakan nuna sunan mai gida da garin da ake ƙirga shi.

Daga nan sai a kiyaye wani abu da ke ɓatar da ɗalibai da yawa. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Masarautar Dutse a yau, amma a zamanin Turawa gundumomi ne na Masarautar Kano, a cikin Lardin Kano. Wanda ya je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna yana neman Jigawa ba zai sami kakansa ba. Sai ya nemi fayilolin Lardin Kano, waɗanda ake yi wa laƙabi da KANOPROF. A cikinsu akwai rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta lokacin ƙiyasta haraji, masu ɗauke da sunayen garuruwa da dagatai, da ƙabilun da ke zaune, da sana'o'insu, wani lokaci har da jerin sarakunan gari da labarin kafuwarsa. A Kano kuma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, sannan a Kaduna akwai Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello.

Mafi amfani ga mai neman haƙƙi su ne littattafan kotunan alƙalai, domin shari'ar gado ba ta yiwuwa sai an lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, da matan aure. A nan ake samun sunayen matan da baki ya manta. Wanda yake son ganin kamannin irin waɗannan rubuce-rubuce ya dubi aikin Allan Christelow na 1994, inda ya fassara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 daga Larabci. Rijistar shiga makaranta ma taska ce, tun daga ta elementare har ta Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, saboda takan haɗa sunan yaro da na uba ko mariƙi da garinsu.

Tarihin yankin kansa yana nuna inda za a waiwaya. Wannan ƙasa ita ce iyakar Kano ta kudu maso gabas, ta kuma sha hare-haren Ningi a rabi na biyu na ƙarni na 19. An kama mutane, garuruwa sun tashi, wasu sun koma cikin ganuwa. Sai Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, sai zuwan Turawa a 1903, lokacin da jama'a masu yawa suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas. Bayan an kashe shi a Burmi, waɗanda suka tsira suka ci gaba har Sudan, inda ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Don haka gidan da ke Sara ko Fagam ko Basirka ko Babaldu yana iya samun reshe a Ningi ko Warji ko Shira ko Sumaila, ko ma a Sudan. Iyakar jiha ta jiya-jiya ce, dangantaka ta girme ta.

Tsofaffin jaridu

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. A shekarun 1950 Hukumar NORLA ta fitar da jaridun larduna, ta Kano ita ce Sodangi. New Nigerian ta fara a Janairun 1966, sannan kamfanin Triumph na Kano ya zo da Albishir da kuma Alfijir wadda ake bugawa da ajami. Wuraren da ake neman tsofaffin kofensu su ne Gidan Arewa da Ma'ajiyar Kaduna da ɗakunan karatu na jami'o'in Zariya da Kano.

Kada mai bincike ya zaci zai buɗe jarida ya ga sunan kakansa manomi. Jarida ta fi kula da naɗin hakimai da dagatai, da canjin alƙalai da malaman makaranta, da sakamakon jarrabawa, da wasiƙun masu karatu, waɗanda kan sa hannu da sunansu da garinsu. Babban amfaninta shi ne ɗaure zance da shekara. Tsofaffinmu ba sa ƙirga da lamba, sukan ce an haifi wane shekarar zuwan Sarauniya, ko an yi auren wance ana sauran wata biyu a kashe Sardauna, ko wane ya rasu shekarar canjin kuɗi. Na farko 1956 ke nan, na biyu ƙarshen 1965, tun da an kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, na uku kuma 1973. Haka zamanin sarakunan Kano: Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963. Ƙananan al'amura kamar gobarar kasuwa ko ambaliya ko annobar sanƙarau, jarida ce za ta ba da watansu. Da an sami shekara, sai a san wanda ya riga wani rasuwa, wannan kuwa shi ne ginshiƙin lissafin gado a kan gado, wanda malaman fara'ili ke kira munasakha.

Waɗanda suka tafi soja

Akwai gidajen da ake cewa wane ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba, iyakar labarin ke nan. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A na Biyu sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sannan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka tafi Burma, wadda tsofaffi ke kira Bama, suka fafata da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Sunayen barikokinmu, kamar Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna da Arakan a Legas, daga can suka samo asali, kamar yadda barikin Bukavu na Kano ya samo nasa daga aikin Kwango na farkon shekarun 1960.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, tana da rumbun sunaye a intanet da kowa zai bincika kyauta ta wayarsa. Yana ba da sunan soja da lambarsa da bataliyarsa da ranar mutuwarsa da inda aka binne shi ko aka rubuta sunansa. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai bango mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, 'yan Nijeriya na cikinsu. Dabarar binciken ita ce a tuna yadda Turawa ke rubuta sojan Arewa: sunansa, sai sunan garinsu a matsayin na biyu. Don haka a gwada sa Gwaram ko Birnin Kudu ko Kano a gurbin sunan mahaifi, a kuma gwada rubutu iri-iri, domin Muhammadu kan koma Momadu ko Mama, Garba ya koma Garuba, Abdullahi ya koma Audu.

Lambar soja ita ce mabuɗi, ta 'yan Nijeriya a Yaƙi na Biyu takan fara da haruffan NA. A neme ta a littafin sallama ko takardar fansho idan suna gida. Lambobin yabo na Yaƙi na Ɗaya an buga suna da lamba a jikinsu, na Yaƙi na Biyu kuwa, irin su Tauraron Burma, an raba su ba suna, saboda haka su kaɗai ba sa tabbatar da mai su. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiha ma wurin tambaya ne, musamman game da waɗanda suka yi Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970.

Rashin ganin suna ba hujja ba ce cewa mutum bai je ba. Rumbun na waɗanda suka mutu ne kawai, kuma hukumar da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙi na Ɗaya, watakila har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba. Samun suna kuma bai isa hujja ba sai an haɗa da wata shaida, domin masu suna ɗaya daga gari ɗaya suna da yawa, wasu kuma sun shiga soja da sunan aro. Idan ranar mutuwa ta tabbata, tana da tasiri a shari'a. Fiƙihun Malikiyya yana da babi na musamman kan wanda ya ɓace, ba a raba dukiyarsa sai mutuwarsa ta tabbata ko alƙali ya yi hukunci da ita, kuma wanda ya mutu kafin mahaifinsa ba ya gadonsa. Irin wannan takarda alƙali ake kai wa, ba a yanke hukunci da ita a zaure.

Tantancewa da riƙon amana

Mu al'umma ce da ta gaji ilimin isnadi, bai kamata mu karɓi kowane labari don ya yi mana daɗi ba. A rubuta wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da ranar da aka ɗauka. A tambayi tsofaffi daban-daban, kowa shi kaɗai, musamman mata, domin su suka fi riƙe zancen aure da goyo da shayarwa. A bambance abin da mutum ya gani da abin da ya ji. Takardar Bature ma ba wahayi ba ce: ta bakin tafinta ya ji, kuma mutane kan ɓoye 'ya'ya da dabbobi saboda haraji. Inda riwaya biyu suka saɓa, a rubuta su duka, a bar ƙofa a buɗe.

Babbar jarrabawa tana zuwa ne lokacin da bincike ya kai ga abin da rai ba ya so. Wani zai tarar kakar kakansa baiwa ce da aka kamo, tun da bauta ba ta gushe a dokar Arewa gaba ɗaya ba sai 1936, kuma kotuna sun ajiye rijistar waɗanda aka 'yanta. Wani zai tarar kakansa Bamaguje ne ko Bawarje da ya musulunta da girmansa. Babu abin kunya a nan. Annabi Isma'ila (AS) ɗan Hajara ne, sahabbai kuma kusan dukkansu iyayensu ba a kan Musulunci suka tashi ba. Abin kunya shi ne a goge kakan gaskiya a ƙirƙiro wani, a jingina gida ga sarauta ko sharifta ba hujja. Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya danganta kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane.

Haka kuma abin da ka gano game da gidan wasu amana ce. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) hani ga zagin matattu. Ba a ɗora asirin zuriyar mutane a Facebook, ba a tono shi ranar neman aure ko lokacin siyasa don a muzanta wani. Abin da ya shafi haƙƙi, kamar magajin da aka manta ko shayarwar da aka ɓoye, a kai shi ga malami ko alƙali cikin sirri, a gyara. Wanda kuma ya gano cewa gonar da yake nomawa akwai rabon 'ya'yan gwaggonsa a ciki, to iliminsa ya zama hujja a kansa har sai ya mayar.

Muna kira ga ɗalibanmu na Islamiyya da na jami'a su yi amfani da hutun da ke tafe. Kowa ya sayi littafi guda, ya zauna gaban mafi tsufa a gidansu, ya rubuta iyaye da kakanni ta ɓangarori biyu, da matan kowa da 'ya'yansa, da wanda ya sha nonon wa. A yi kofe a raba wa 'yan'uwa, a ajiye ɗaya wurin babban gida. Takardun Kaduna za su jira, tsoho kuwa ba shi da tabbacin wata damina. Idan kuma bincike ya nuna dangi a Ningi ko Shira, a shirya a je, domin zumunta a ƙafa take, kuma Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar (RA) cewa sada masoyan uba bayan rasuwarsa yana cikin mafi girman biyayya, balle jininsa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda Shi kaɗai Ya sani. Ya haskaka kaburburansu, Ya ba mu ikon sada zumunci da mayar da haƙƙi ga masu shi. Amin.